Lambun da Na Ƙi a Raba

Lambuna yana bayan Pitowa, a gefen wata fadama da ruwan Binuwai ke cikawa da damina, idan ya janye ya bar mata laka. Ba shi da girma. Mai ƙarfin ƙafa zai zagaye shi kafin ya gama lazimin safe. Amma a cikinsa na tsufa, kuma tun ranar da na kafa shingensa ban taɓa zuba masa takin zamani ko maganin feshi ba. Abincinsa kashin shanun Fulanin da ke sauka kusa da mu bayan girbi, da tokar murhu, da sharar da ta ruɓe a rami. Idan tsutsa ta taso, mu daka 'ya'yan darbejiya, mu jiƙa da barkono, mu yayyafa da tsintsiya. Kowace shekara kashi ɗaya cikin uku na ƙasar yana hutawa, ba a sa masa komai sai wake. Matan Garwa masu sayen latas da tumatir a hannunmu sun san haka, shi ya sa ba sa taya kayan wani sai namu ya ƙare.

Shekarar da gwiwa ta fara hana ni tsugunno, sai na soma tunanin bayana. 'Ya'yana huɗu, maza biyu mata biyu, uwarsu kuma ta riga mu gidan gaskiya. Na karanta babin gado a zaure tun ina saurayi, na san yadda igiya za ta bi ta kan lambun: kashi shida. Rijiya ta faɗa rabon wannan, ramin taki ya faɗa rabon wancan, kuma ba wanda zai iya hutar da ƙasar da ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba. Na ga an yi wa lambun maƙwabcina haka. Yau bulo ake bugawa a wurin. Rabon Allah ne, ba na jayayya da shi. Amma abin da mutum ya bayar da ransa da lafiyarsa ba ya shiga gado, kuma na ƙudurta cewa lambun nan zai koma hannu ɗaya, a haɗe.

Kuskurena na farko shi ne ban yi dogon tunani a kan wane hannu ba. Babban ɗana manomin auduga ne, ba ya ƙyuya, rana ba ta korarsa daga gona. Na ce masa ya riƙe lambun rani guda, ni kuma na tafi Marwa wajen ƙanena neman maganin gwiwa. Na yi kusan kwana arba'in a can.

Da na dawo, tun kafin in sauke jaka ɗan nawa ya ja ni zuwa lambu. Tumatir ya yi ja, ya yi santsi, ko huda ɗaya babu a jikinsa.

"Baba, ka gani? Kamar an wanke shi da sabulu."

Na gani. Na kuma ji shiru. Lambu da hantsi ba ya shiru, kullum akwai gunjin ƙudan zuma a kan furen kabewa, akwai kwaɗi a magudanar ruwa. Na tsinki ganye ɗaya na murza, na kai hanci.

"Ina ƙudan zuma?"

"Haba Baba, zuma muke sayarwa ko tumatir?"

"Me ka fesa?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ragowar maganin auduga ne, tsutsa ta taso masa gadan-gadan, darbejiya kuma aikinta a hankali take yi. Ya ce duk masu lambun da ke gefenmu haka suke yi, da a zubar da ragowar gara a more ta.

Na ce, "Auduga sawa ake yi a jiki, ba a cinta."

Bai yi don mugunta ba, na sani. So yake in dawo in ga ja in yi murna. Amma washegari na sa aka tumɓuke fangalan tumatir ɗin gaba ɗaya, aka binne a nesa da rijiya. Yana tsaye yana kallo, idonsa ya kaɗa.

A nan ne na ji abin da ya faru a bayana. 'Yata babba cikin mata biyun, wadda ke kai kayanmu Garwa, ta ƙi ɗaukar ko kwando ɗaya na tumatir ɗin. Ta je ta gaya wa matan da bakinta cewa bana babu tumatir daga wajenmu, su saya a wani wuri. Sai da suka yi sa-in-sa da yayanta a kan haka. Ita ce tun tana yarinya take wanke irin tumatir, ta shanya a inuwa, ta cuɗa da toka ta ɗura a gora. Ita ta san wane fangali ke riƙe ruwa, wane ke shanyewa da wuri. Duk shekarun nan tana gabana, ni kuwa ina duban maza.

Na je wurin limaminmu, wanda muka yi karatun allo tare. Na gaya masa ina so in ba ta lambun kyauta tun ina raye.

Ya ce, "Ya halatta, idan ka kyautata wa sauran, ba ka bar su hannu rabbana ba, kuma aka yi a gaban shaidu. Amma akwai sharaɗin da nake jin ba za ka iya ba."

"Wanne?"

"Sai ta karɓa ta mallaka, kai kuma ka cire hannunka. Idan ka ce ka ba ta, amma kullum kai ke buɗe ƙofa, kai ke cewa a shuka nan a bar can, to ranar da ka faɗi, kyautar ta faɗi tare da kai, lambu ya koma gado. Kai kuwa na san ka. Ko allon wani ka hango sai ka gyara masa wasali."

Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida. Kwana uku ina istihara. A rana ta huɗu na aika a kira yaran.

Bayan sallar Juma'a muka zauna a zaurena, da liman, da jauro, wato mai unguwarmu, da dattawa biyu. Na ba babban ɗana gonar tudu da shanun huɗa. Ƙaninsa mai gyaran babur a Garwa na ba shi ɗakin da yake aiki a ciki. Autar na ba ta filin da ke bayan gida da awaki. Sannan na ambaci lambu, na ambaci mai shi.

Babban ya ɗago kai. "Baba, mace? Gobe mijinta ya ce nasa ne."

Ta ce, "Yaya, mijina ko albasa da tafarnuwa ba ya bambancewa sai sun shiga miya. Bar shi da motarsa."

Jauro ya rufe baki da hannun riga. Babban bai yi dariya ba.

"Mutane za su ce an tsallake ni."

Na ce, "Za su faɗa, su gaji. Na ba ka ƙasar da ka fi kowa iya ta, na ba ta wadda ta fi kowa iya ta. Idan na zalunce ka, faɗa yanzu a gaban liman, kada ka bari sai an kai ni."

Ya dubi tabarma, sannan ya ce ba a zalunce shi ba. Na rubuta da ajami, ƙaramin ya rubuta da Faransanci don a kai ofis a buga hatimi, shaidu suka sa hannu. Na miƙa mata makullin ƙofar lambu da fartanyata. Wata biyu babban bai ci tuwo a gidana ba. Daga baya ya dawo da kansa, ban tambaye shi komai ba.

Rubutu da shaidu duk mai sauƙi ne. Wuyar tana bayan sallar asuba, lokacin da ƙafa ta saba kama hanyar fadama. Sai in zauna a ƙofar gida da Alƙur'ani har rana ta ɗaga. Na canza hanyar zuwa kasuwar Lahadi don kada in bi ta gefen shingen.

Sai da sanyi ya shigo sannan na je, shi ma don ta aiko a kira ni. Na tsaya a ƙofa na yi sallama sau biyu.

"Baba, shigo mana, yau kuma sallama?"

"Baƙo ba ya faɗawa lambun mutane."

Ta zagaya da ni. Ta matsar da ramin taki zuwa inuwar mangwaro, abin da ban taɓa tunani ba, kuma ya yi kyau. Amma da muka zo fangalan albasa sai na ja na tsaya. Ta dasa su kusa-kusa, tazarar ba ta kai yatsu uku ba. Na san ba za su yi kai ba. Maganar ta taho har leɓena.

"Faɗi, Baba. Na ga bakinka yana motsi."

"Lazimi nake."

Ta dube ni, na dubi sama. Na yi mata addu'ar albarka, na fita, na ja ƙofar a bayana.

Albasar ta fito ƙanana kamar goro, sai a gida aka cinye ta. Ban ce na sani ba. Da lokacin dashe ya zagayo, ta zo da safe ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambaye ni tazarar da nake bari tsakanin albasa da albasa. Na shimfiɗa tafin hannuna a ƙasa na nuna mata. Akwai wasu abubuwa bakwai ko takwas da nake so in ƙara, amma wannan kaɗai ta tambaya, shi kaɗai na amsa. Ta miƙe ta ce za ta koma ban ruwa kafin rana ta yi zafi, na ce Allah ya ba da sa'a.