Ɗauko Habibu Yaye Daga Fammar

Lokacin kaka ne, an gama cirar gyaɗa, duk gidan da ka shiga a Zurgu ƙamshin suya ne ke tarbarka. Shekarar ta yi albarka, amma ni hankalina bai kwanta ba. Maƙwabciyata ta je biki Fammar, ta dawo ta ce mini jikana Habibu, ɗan 'yata Saude, ya rame har wuyansa ya fito. Lokacin yayensa ya yi, kuma dama gidan kaka ake kai yaro. Sai na ce bari in je da kaina.

Zurgu zuwa Rano

Ina idar da sallar asuba ƙanen maigidana ya ɗauke ni a babur. Raɓa duk ta jiƙa mini bakin zane. A tashar Rano na sayi ƙosai, na kasa ci. Motar Kibiya ba ta cika ba sai da hantsi. Kusa da mu ana loda wa wata babbar mota jarkokin man gyaɗa.

"Duk ina za a kai wannan?" na tambayi direbanmu.

"Kano, Hajiya, daga can har Ikko. Duk inda kika ji ana suya a ƙasar nan, da gumin matanmu a ciki."

"Ban je Makka ba tukuna, ɗan nan."

"Fata na yi miki, ki ce amin kawai."

Kibiya da Fammar

Shinge ɗaya muka tarar a hanya, jami'an tsaro suka leƙo suka ce mu wuce. Daga Kibiya na sake hawa babur, na isa kafin azahar.

Sana'ar gidan tatsar mai ce. Na iske Saude da uwar mijinta, Hajiya Tabawa, suna murza tunkuza, ga kwalabe a jere sun cika. Habibu na zaune a tabarma shiru, gashinsa ya yi ja.

"Maigida, ba ka gane matarka ba ne? Ko cefane ne ba ka da shi kake ɓoye fuska?"

Bai yi dariya ba. Da na ɗauke shi, sai na ji kamar zane na ɗauka.

Saude ta kawo masa koko tsararo. Na ce, "Ina gyaɗar?"

Ta rage murya. "Inna, Hajiya ta ce shawara ce ke damunsa. Tun damina aka hana shi maiƙo. Ko miya sai an ɗebar masa kafin a zuba mai."

Na duba idonsa, fari tas. Na ga yadda Hajiya ke goya shi tana aiki, tana yi masa waƙa. Ba ƙi ba ne, tsoro ne. Nan na kwana.

Da safe bayan mun gaisa da Hajiya na ce, "Yaya, aron mijina na zo yi."

Ta daɗe tana kallonsa. "Ai hakkinki ne. Amma don Allah ki kiyaye masa maiƙo."

"Zan biya da shi asibiti a Rano. Abin da suka ce, shi za mu bi, ni da ke."

Ta yarda. Malamin unguwa ya yi masa rubutun yaye aka ba shi ya sha. Saude ta shige ɗaki don kada ya ga fuskarta, na goya shi muka fito.

Rano kuma

Layin mata a asibiti ya yi tsawo, sai wajen azahar muka shiga. Ma'aikaciyar ta auna shi, ta duba idonsa da tafin hannunsa, ta sa aka gwada jininsa.

"Mama, babu shawara. Abinci ne bai ishe shi ba. Cikin yaro ƙarami ne, koko zalla cika shi yake ba ya riƙe shi. Ki dama masa kunun gyaɗa, ki riƙa zuba masa cokalin mai a abinci. Akwai gyaɗa a wajenku?"

Na kusa yin dariya, hawaye suka riga ta.

Na roƙe ta ta faɗa wa Hajiya da bakinta, don kada maganar ta zama tawa. Na kira wayar mijin Saude, ya miƙa wa Hajiya, ni kuma na miƙa wa ma'aikaciyar. Da aka dawo mini da wayar, sai Hajiya ta ce, "Ashe da hannuna na hana shi."

"Da hannunki kika goya shi, Yaya."

Ta ja hanci. "Ki ba shi. Sabon tatsa zan aiko muku, kada ki sayi na kasuwa."

Gida

Mun iso Zurgu bayan la'asar. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa ma'aikaciyar nan da ban ma tambayi sunanta ba. Habibu ya yi kukan uwa har ya gaji ya yi barci.

Washegari na niƙa gyaɗa da manta, ban tatse ko ɗigo ba, na dama kunu mai kauri. Na kai masa ludayi baki, ya kau da kai. Na jira. Na sake kaiwa, ya lasa, ya tsaya yana kallona. Sai ya sa hannu biyu ya riƙe ludayin, ya ƙi saki.