Takardar Ajiye Aikin Kawu Sadi

Duk wanda ya san Kawu Sadi ya san kwat ɗin nan tasa mai ruwan ƙasa, ya kuma san abin da ke aljihunta: takardar ajiye aiki. Shekara goma sha ɗaya yana yawo da ita. Ko gidanka ya zo ba ya zama, sai ya tsaya bakin ƙofa yana kaɗa makulli yana cewa, "Ƙarshen watan nan zan miƙa musu."

Injiniyan man fetur ne, ya yi shekaru a rijiyoyin mai, sai ga shi a Birmingham yana aikin bututu a wani kamfanin lantarkin nukiliya. Kullum jirgin ƙasa daga Manchester, kullum mitar albashi. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Kawu, wai bam kuke haɗawa?"

Ya ce, "Ina fa! Ruwa muke tafasawa, tukunyar ce dai mai tsada. Shi ya sa suke biyana albashin mai shayi."

Kun tuna sunan da aka yi a unguwar Moss Side? Ya ritsa wani baƙo mai aikin haƙar mai a teku, sai da bawan Allah ya faɗi albashinsa. Kawu ya dire farantin tuwo ya ruga mota ɗauko biro, wai yau zai sa hannu. Kafin ya dawo an kwashe farantin. Ya dube mu ya ce, "Kun gani ko? Nan ma an zaftare min."

Matarsa Anti Rabi ta gaji da roƙon sabuwar kujera a gidansu na Levenshulme.

"Kujera kuma, Rabi? Mu da za mu tashi ƙarshen wata?"

"Wane watan, Injiniya?"

"Na gaba."

Da ƙafar tsohuwar kujerar ta karye, littafinsa na ilimin haƙar mai ya tokare ta da shi, ya ce ga shi karatu ya yi rana.

Ina dariya, amma wallahi haushinsa nake ji. Sau uku a mako ake yi wa Anti wankin ƙoda. In ya tafi teku, wa zai zauna da ita? Ranar da na faɗa masa haka, cewa ya yi, "Kai dai ci abincinka."

Bayan rasuwarsa Anti ta ba ni kwat ɗin in zazzage aljihu. Takardar tana nan, babu sa hannu. A bayanta ga wasiƙu uku daga kamfanonin mai, kowace da tayin albashin da ya kusa ninka nasa. A saman kowace ya rubuta: "Na gode, ba yanzu ba."

Na ce, "Anti, kin san da waɗannan?"

Ta ce, "Wa kake zato yake goge kwat ɗin? Mitar kawai na bar masa, da ita yake samun sauƙi."

Allah ya jiƙan Kawu Sadi, ya biya shi ladan zaman da ya yi mata. Allah ya sa inda ya je ya cire kwat ɗin ya zauna.