Kofunan da Muke Warewa a Sito

Shekara uku na yi ina buɗe kwalaye a wani sito da ke bayan High Point Road a Amurka. Kamfanin yana shigo da kayan ƙawata gida daga Asiya, mu kuma mu sauke daga kamiyo, mu duba, mu sake ɗaurewa a kai shaguna. Ƙarfe shida na safe muke shiga. Kafin azahar ƙafafuna sun yi nauyi, kafin la'asar bayana ya riƙe. Daga Damagaram na zo da takardar koyarwa a jaka, na ƙare da wuƙar yanka kwali a aljihu.

A teburin da ke kusa da nawa akwai wani dattijo mutumin Tailan, gajere, mai furfura, marar yawan magana. Baba nake kiransa, har ya saba yana amsawa. Turancina bai kai ya kawo ba, nasa kuwa bai kai nawa ba, amma muna gane juna.

Wata rana aka kawo kofunan shayi daga ƙasarsu, naɗe cikin tsofaffin jaridu. Koraye ne masu sheƙi, kamar ruwan tabki a damina. Shef ɗinmu, wato shugabar sashenmu, ta ce duk wanda muka ga aibi a jikinsa mu ware shi gefe. Da na ɗaga na farko sai na ga ƙananan tsage-tsage sun mamaye shi. Na biyu ma haka. Na kusa ware kwali guda kafin Baba ya riƙe mini hannu.

Ya ce tsagar ba ta fashewa ba ce. Tokar itace ake kwaɓawa da laka a shafa wa kofin kafin a gasa, in yana hucewa sai shafen ya tsattsage, masu saye kuma abin da suke so ke nan. Ya juya kofin, ya nuna mini ɗan lotsawa a gindin mariƙin.

"Ka ga yatsan maginin," in ji shi. "Nan ya danna."

A lokacin hutun rana ya gaya mini mahaifinsa da kakansa duk magina ne a wani ƙauye a arewacin Tailan. Shi ma a kan faifan gini ya girma, wanda ake juyawa da ƙafa, har ranar da 'yarsa ta ɗauko shi zuwa Amurka. Ni kuma na ba shi labarin kakata a Mirriya, yadda take gina tulu da randa da hannu kawai, ta gasa su a fili da kara da busasshen kashin shanu. Ya yi ta tambayata irin yumɓun, da awa nawa wutar take ci. Ban san amsar rabinsu ba, na ji kunya.

Kofunan da bakinsu ya ɗan karkace, ko launinsu ya fi na sauran duhu, dokar sito ita ce a zuba su cikin babbar bola ta ƙarfe. Duk lokacin da za a zuba, Baba yakan ajiye wuƙarsa ya tafi bayi, ba ya dawowa sai ƙarar ta lafa.

Wata Asabar ya gayyace ni gidan 'yarsa a McLeansville. Gajiya ta so hana ni, amma na tafi. A garejin gidan yana da tsohon faifan gini da ya samo wurin wani, ga katakai jere da kofuna masu launin toka, sun bushe ƙayau. Ko ɗaya ba a gasa ba. Surukinsa ya ce ba za a gina wurin gashi a bayan gida ba saboda maƙwabta da dokar wuta. In katakon ya cika, sai ya zuba kofunan a bokiti su jiƙa su koma laka, ya sake farawa.

Ya zauna ya ɗora curin yumɓu. Ya taka faifan ya fara juyawa. Sau biyu lakar tana tashi tana rushewa. A na uku kofi ya tsaya, siriri, bakinsa daidai. Ya daɗe zaune yana haki, hannuwansa a kan gwiwa. Ya ce da a wuni ɗaya yakan cika katako biyu, yanzu kwali ya cinye masa yatsu.

Na ce mu haƙa rami mu gasa irin na kakata. Ya yi murmushi, ya ce wannan wutar ba za ta narkar da toka ba. Duk da haka muka rabu a kan za mu nemi wani wuri.

Ba mu nema ba. Azumi ya shigo, aka ƙara mana awanni, matata ta haihu. Bayan sallah Baba ya fara zuwa da ɗamara a ƙugu, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya. Aka ba wani teburinsa. Kullum ina cewa Asabar mai zuwa zan leƙa shi, Asabar ɗin kuma in ta zo barci nake yi.

Sai bayan wata biyar na je. 'Yarsa ce ta buɗe ƙofa. Ta ce ya koma Tailan wurin ƙanwarsa, likita ya hana shi ɗaukar kaya, shi kuma zaman gida ya ishe shi. Na tambaye ta ko yana gini a can. Ta ce ba ta sani ba, in sun yi waya ba ya ɗaga zancen.

Na yi mata godiya na juyo. Da na iso ƙofar gidanmu na kashe mota, na ce bari in ɗan jingina kafin in hau bene. Matata ce ta sauko da jaririya a kafaɗa, ta ƙwanƙwasa gilashi ta tashe ni, ta ce abinci ya huce.