Jitar da aka shanya a rana

Na sayo jitar ne a Kano bayan mun sayar da riɗi. Ja ce mai ƙyalli, irin wadda ake jonawa da lasifika. A cinyata na riƙo ta tun daga tasha har garinmu Rurum, ban yarda kwandasta ya ko shafa ta ba. Mai shagon ya ce idan na ga matsala in mayar masa, muddin ba a taɓa mata komai ba.

Matsalar kuwa ba ta yi nauyin ƙafa ba. Ana tayar da janareta na jona ta, sai lasifika ta ɗauki ƙugi kamar an tsokano zuma a amya. In na dafa tsirkiya ya lafa, in na ɗaga hannu ya dawo. Na canja waya, na murɗa duk abin da ke murɗuwa, na zagi mai shago har da garinsu. Raina ya ɓaci sosai, don na daɗe ina koyo da jitar aro a Rano, ina jiran ranar da zan riƙe tawa.

Mutum ɗaya ne ƙugin bai kora ba, Kawu, yayan mahaifiyata. A zamaninsa makaɗin garaya ne, shi ke bin bayan manoma ranar gayya yana zuga su. Gayya ta ja baya, yatsunsa suka ƙage, ya rataye garayar, ya daina fita ko majalisa. Jitar nan ce ta fito da shi. Kullum da hantsi sai ya dogaro sanda ya zo zaurena ya zauna, ya karkata kunne.

"Sanyi ne ya kama ta," ya ce. "Daga shago take, ba ta ga rana ba."

"Kawu, ai wannan ba fata gare ta ba. Katako ne da ƙarfe."

"Duk abin da ke da tsirkiya yana son rana, ɗan nan."

Na yi dariya na bar maganar. Haka suke yi wa garaya, in fatarta ta saki a shanya ta, ta ɗame, murya ta dawo.

Washegari na ɗaura lasifikar a babur na kai wa mai gyaran rediyo a Rano, don ita nake zargi. Ya gwada ya ce lafiyarta ƙalau, wataƙila wata 'yar waya ce ta saki a cikin jitar, kuma tunda sabuwa ce gara in mayar a canja mini. Na dawo da la'asar da farin cikina.

A kan kwanon rufin zaure na hango jitar. Kawu na zaune a ƙasa yana gadi, fuskarsa fal murna. Tun hantsi ya sa aka ɗora ta. Da na sauko da ita sai da na naɗe hannu da riga saboda zafi. Wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nesa da katako, farar robar gabanta ta kumbura.

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani a gidanmu. Maganganu suka taru a bakina. Na dubi tsohon nan da ya wuni a rana dominta, na haɗiye su.

Da na mayar da ita Kano, mai shago ya kanne ido ɗaya ya bi wuyan da kallo, ya miƙo mini abata, ya ƙi canjawa. Na kai ta Rano, mai gyaran rediyo ya ɗiga dalma a kan wayar, ƙugi ya ɗauke. Game da wuyan kuwa ya ce ba aikinsa ba ne, kuma bai san mai yi ba.

Da Kawu ya ji babu ƙugi, sai ya koma majalisa. Har Zurgu labari ya kai cewa kayan Turawa ya gagari masu gyara, shi ya warkar da shi da rana. Ni kuma in ina kiɗa yana zaune, yatsuna ba sa wuce kusa da kan jitar, inda sautin bai karkace ba. In na gangara ƙasa, kowace murya sai ta fito a gurguje. Na rasa barci mai daɗi, ga takaicin jitata, ga tsoron ranar da zai gane.

Ranar ta zo da bikin sunan jikansa. Bayan an ci an sha, ya sanar wa jama'a cewa ɗan ƙanwarsa zai yi kiɗa da jitar da ya gyara. Na fara a inda na saba, lafiya lau. Sai ya ɗaga hannu ya ce in yi masa taken gayya, wanda ya sha rera mini da baki. Taken nan hawa yake yi, ba ya tsayawa wuri ɗaya, dole sai an gangara ƙasan wuyan jitar.

Na bi shi. Tun a hawan farko sautin ya goce. Samari suka fara duban juna, wani ya toshe baki, wani daga baya ya ce ashe koyon bai nuna ba. Na ci gaba, gumi na zuba, na gwammace a ce hannuna ne.

"Tsaya, ɗan nan. Miƙo ta."

Ya ɗora ta a gwiwa, ya bi wuyan da tafin hannu a hankali, daga sama har ƙasa, ya sake bi.

"Tun ranar?" ya tambaye ni ƙasa-ƙasa.

Na sunkuyar da kai.

Ya juya wajen mutanen da ya yi makonni yana yi wa alfahari. "Ku daina yi wa yaro dariya," ya ce. "Hannunsa daidai yake. Ni na lalata masa ita."

Ya miƙo mini jitar da hannu biyu, ya laluba sandarsa, ya shige gida tun baƙi ba su watse ba.