Gonar Pitowa da sunan kamfani

Babban ɗana ya dawo daga kudu da takardar karatunsa, ya daɗe yana zaman ƙofar gida a unguwarmu ta Jambutu, cikin Garwa, ba aiki. Wata rana ya ce mini, "Dada, akwai wata hanya. Kamfani ne zai ba mutum sunansa da kayansa, ya buɗe shago irin nasu, shi kuma ya biya kuɗin shiga." Faranshiz ya kira abin. Kuɗin shigar kuwa ba mu da inda za mu samo su sai gonar auduga da mahaifina ya bar mini a Pitowa. Bai ce in sayar ba. Ya dai zauna yana kallon yatsun ƙafarsa.

Na ce sai na ji da kunnena. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi, Faransancina kuma na gaisuwa ne. Don haka shi ke tafinta. Muka yi ta hawa moto, babur ɗin haya, cikin zafin bazara, daga wannan buro, wato ofis, zuwa wancan.

Masu aika kuɗi ta waya su ne mafi sauƙi. Ɗan akwatin katako mai fentinsu da mutum zai zauna a ciki, sai kuɗin juyawa wanda daga aljihunka zai fito. Abin da ake samu a kowane aike kaɗan ne, kuma kowane lungu na Garwa akwai irinsa. Masu tukunyar gaz sun fi tsada. Kowace tukunya sai ka ajiye mata kuɗi, kuma sai an zo an duba ɗakin ajiya, kada ya zama kusa da murhun maƙwabta. Masu burodi da kek kuwa, da aka faɗi nasu sai da na nemi ruwa. Injin gashi a wurinsu za ka saya, fulawa a wurinsu, har rigar masu aiki. Duk wata suna da kasonsu cikin ciniki, ko an ci riba ko an faɗi. Ga janareta, saboda wutarmu ba ta da alkawari. Rabin gona zai ishi gaz, burodi sai gonar duka. Na lura a kan burodin idon yaron ya tsaya.

Ni ma, in faɗi gaskiya, can na karkata, amma dalilina daban. Marigayi mahaifinsa a hannun wani attajiri ya tashi a Kuseri, yana haye masa da atamfa zuwa Injamena. Da shekaru suka cika, maigidan ya tara mutane, ya ba shi jari, aka shafa fatiha, ya sallame shi. Haka na san ana shiga inuwar wani a kasuwa. Sai na ɗauka wanda ya fi karɓa da yawa shi zai fi saurin sallama, tun da an riga an biya shi wahalarsa.

Matar da ke buron masu burodi tana da kirki, ta sa an kawo mini kujera mai taushi. Na ce wa ɗana ya tambaye ta shekara nawa ake yi kafin su sallami mutum. Ya ce, "Haba Dada, ba a wannan tambayar a nan."

Na ce, "Gonata ce za ta tafi. Tambaye ta."

Sai da ya yi mata dogon bayani kafin ta gane. Ta yi murmushi, ta ce da ni cikin Fulatanci, wai Dada, su ba sa sallama. In kwantiragi ya ƙare, ko ka sake biya ko ka sauke allon sunansu, kuma ba za ka gasa burodi a unguwar ba sai bayan wani lokaci. Na ce useko, na yi mata godiya da Fulatancin, na gyara mayafina. A hanya na sa muka koma wurin masu gaz da masu waya. Duk amsar ɗaya ce. Bambancinsu kawai, wani zai ci gonar duka, wani rabi, wani kuma ba zai taɓa ta ba.

Ban sayar ba. Na ba wani manomi hayarta ta damina biyu, kuɗin suka sayi akwatin katakon masu aika kuɗi. Yanzu ɗana yana zaune a ciki kusa da tashar motocin Pitowa, da wasu irinsa dama da hagu. Ciniki yau da shi, gobe babu. Bai taɓa yi mini maganar burodin ba, ni ma ban taɓa ba. Wani lokaci ina tunanin ko da na rufe ido na sayar, da yanzu ya yi aure. Ban sani ba. In ya dawo da yamma yakan gaishe ni daga bakin ƙofa, ya ɗauki kwanon tuwonsa ya shige ɗaki.