Tumatir da ƙanƙarar firiza

A falat ɗinmu, wato gidan da muke zaune a unguwar Al Karama, ƙanwata mai karatun kimiyya ta nuna mini wani hoto dishi-dishi kamar garin rogo. Wai furotin ne aka daskarar, aka haska shi da ƙwayoyin lantarki don a ga siffarsa.

Na ce, "Daskarewa? Ni tumatir na sa a firiza, ya fito ya yi laushi tuɓus!"

"Yaya, taki ƙanƙarar a hankali take haɗuwa, ta yi tsini ta huda shi. Ta masu binciken kuwa kafin ƙiftawar ido ce, ruwan bai samu damar yin tsini ba."

Na buɗe firizar na tsaya kallo. Shekara da shekaru ina kankare ƙanƙarar nan da wuƙa ina tsaki, ashe wasu digiri suke yi a kanta.