Goggo da Takardar Gwajin Jini

Goggo mai ɗinki ba ta karɓar yadi sai ta sake auna shi a gaban mai shi. Shekara talatin tana kan kekenta a ɗakin bakin ƙofa, ko zare ta saya sai ta ja shi da haƙori ta ji ƙwarinsa. Haka ta raini 'ya'yanta mata biyu.

Da jikanta na wajen babbar ya kai shekara biyar, sai ya fara faɗuwa ba tuntuɓe. In zai miƙe, sai ya dafa gwiwoyinsa kamar tsoho. Goggo ta fara zargin mai shagon da ke ba shi alawa. Daga baya ta koma kan surukinta.

"Ku bincika danginku," ta ce masa. "Mu ba mu gaji wannan ba."

Ranar karɓar sakamakon gwajin jinin yaron ta bi iyayensa asibiti, don kada a ɓoye mata komai. Likitar ta juyo da takardar.

"Mama, jiki yana karanta umarninsa ne harafi uku-uku. A wajen yaron nan harafi ɗaya ya faɗi, na bayansa duk suka gurgusa, karatun ya rikice. Furotin ɗin da ke riƙe masa tsoka sai ya fito guntu, ba ya aiki."

"Wa ya cire harafin?"

"Babu kowa. Yawanci ta wajen uwa yake biyowa. A danginku an taɓa yin namijin da ya daina tafiya?"

"Ba a taɓa ba," in ji Goggo.

Ƙarya ta yi. Tana da ƙane da ya rasu yana ɗan sha bakwai, a kwance. A gida an ce daga bishiya ya faɗo, ita kuwa ba ta taɓa ganinsa ya hau bishiya ba.

Sati uku suka wuce. Sannan ta je ita kaɗai aka ɗebi jininta a wurare biyu, ba ta gaya wa ɗaya labarin ɗayan ba. Sakamakon ya zo iri ɗaya: tana ɗauke da ciwon a jininta.

Surukin ba ta ba shi haƙuri da baki ba, riga ta ɗinka masa. Autarta kuwa, Goggo da kanta ta ja ta zuwa gwaji. Aka ce ita ba ta ɗauka ba. Autar ta fashe da kukan murna.

"Share hawayenki," Goggo ta ce. "Gobe mu gwada wani wurin."